Wayar Baba Mai Wankan Gawa

Na yi kuskure, kuma tun ranar farko na san na yi. Da kuskuren aiki ne kaɗai, da ban zauna ina rubuta wannan ba, don duk mai taɓa waya wata rana sai ya ɓata wani abu. Nawa ya wuce haka. Na ga inda na ɓata da idona, na rufe bakina, na bar wani dattijo ya ɗauki laifin kusan shekara guda.

Ina da teburin gyaran waya a Trans-Amadi, a Fatakwal, kusa da ƙofar da ake shigar da shanu mayanka. Karatuna bai yi nisa ba, a aji uku na sakandare na tsaya. Gyaran waya a hannun wani Ibo na koya. Haɗa manhaja kuwa ni na koya wa kaina, da wata tsohuwar kwamfuta da bidiyoyin koyarwa da nake ta maimaitawa har sai abin ya shiga kaina. Mahauta suka fara kirana Injiniya. Da wasa suka fara, amma ba a daɗe ba ni na fara amsawa da gaske. In wani ya kira ni da sunana na yanka har sai in ji kamar ya rage mini wani abu.

Wata rana shugaban ƙungiyar Hausawanmu ya zo teburina da wata buƙata. A Kudu, in mutum ya rasu, sau da yawa ba shi da dangi kusa, mu ne danginsa. Dole a yi masa wanka, a sallace shi, a kai shi maƙabarta kafin rana ta faɗi, ga maƙabartar da nisa. Mutanenmu kuma a warwatse suke, yau mutum yana Fatakwal, gobe ya bi motar kaya Anacha, jibi yana Inugu. Zaurukan hira na waya sun cika da gaisuwar safiya da bidiyon ban dariya, sanarwar rasuwa takan nutse a ciki har a binne mutum abokinsa bai ji ba. Shugaba ya ce yana son abu namu na kanmu, wanda ba a hira a cikinsa. Shafi biyu kawai: ɗaya na 'yan ƙungiya da hotunansu, ɗaya na sanarwa.

Na ce zan iya. Na kuwa iya, sai dai abu ɗaya.

A wannan sana'ar akwai wata dabara da ta fi burge ni. Maimakon ka zana kowane shafi daga farko, sai ka gina wani ɗan yanki sau ɗaya, ka riƙa ɗora shi duk inda kake so, kamar yadda tela yake yanka kwalin aljihu guda ya riƙa fitar da aljihun kowace riga da shi. Masu sana'ar suna da sunansa da Turanci, ni dai gutsure nake ce masa. Na gina gutsure ɗaya mai ɗauke da hoto a sama, suna a ƙasa, da garin da mutum ya fito. Na ɗora shi a shafin 'yan ƙungiya. Da na zo shafin sanarwar rasuwa, sai na ɗauko shi dai na sake ɗorawa, na zagaye shi da baƙin layi, na sa Inna lillahi da Larabci a samansa. Gutsure ɗaya ya ɗauki masu rai, shi ya ɗauki matattu. Na daɗe ina kallonsa ina jin daɗin wayona.

Amma wayoyi ba sa'o'in juna ba ne. Tsarin da ke tafiyar da su yana da tsofaffi yana da sababbi. A bayanan da nake koyo da su an yi gargaɗi cewa tsofaffin suna buƙatar kulawa ta daban, akwai wasu kayan tallafi da ake ƙarawa dominsu, kuma dole ka umarci gutsuren ya saki hoton da ke hannunsa kafin ya karɓi wani. Na ga gargaɗin. Turanci ne mai tsawo, na gaji, na tsallake shi. Na gwada manhajar a wayata sabuwa, ta yi aiki lafiya lau, na ce an gama.

A cikin waɗanda suka kawo wayarsu in sa musu manhajar akwai Baba mai wankan gawa. Kowa haka yake kiransa. Ya zo Fatakwal tun kafin a haife ni, kuma ban san Bahaushe namiji da ya rasu a yankinmu ba tare da hannun Baba ya yi masa sutura ba. Siriri ne, ba ya yawan magana, ko yaushe jikinsa da ɗan ƙanshin kafur. Yana da wata jakar leda mai ƙarfi da yake zuba kayan aikinsa, sabulu da auduga da garin ganyen magarya da ake aiko masa daga Arewa, da almakashin yanka likkafani. Wayarsa tsohuwa ce ƙwarai, gilashinta ya tsage, an ɗaure bayanta da roba. Manhajar ta daɗe kafin ta buɗe a cikinta. Da fuskokin mutane suka fara fitowa, sai ya matso da ita kusa da idonsa yana murmushi.

Ya ce, "Ɗana, duk mutanenmu ne a nan ciki?"

Na ce, "Duk su ne, Baba. Har na Anacha da na Inugu."

Ya ce, "Allah Ya yi maka albarka. Ka sauƙaƙa mini wani aiki."

Ban tambaye shi wane aiki ba. Daga baya na sani. Baba ba ya karanta boko, sai Larabci da ajami. Al'adarsa ce kullum bayan sallar asuba ya zauna yana yi wa mutane addu'a ɗaya bayan ɗaya, amma tsufa ya sa sunaye suna kuɓuce masa. Da ya samu fuskoki a waya, sai ya riƙa buɗe su yana bi, ya kalli mutum ya roƙa masa lafiya da cikawa da imani, ya wuce na gaba. Inda rana ta fito masa, nan yake tsayawa, ya ajiye wayar.

Sanarwa ta farko da aka tura ta wani tsohon mahauci ce da ya daɗe yana jinya. Wajen hantsi na hango Baba tafe da jakarsa, wani direban tirela mai ɗauko shanu yana biye da shi yana ta dariya, daga shi sai singileti, asuwaki a baki. Shugaba ma yana wurin, ya kawo caja in duba masa.

Direban ya ce, "Injiniya, kai ne ka kashe ni ko karyawa ban yi ba? Abeg, don Allah ka tashe ni, ina da lodi gobe."

Ashe Baba ya ji ƙarar sanarwa, ya buɗe, ya ga fuskar direban a cikin baƙin layi. Ya ɗauki jaka ya hau keke napep ya tafi gidan direban. Ya yi sallama, sai ga mutumin da ya zo yi wa wanka ya ɗaga labule da kansa yana tambayarsa ko lafiya. Matar direban da ta leƙo ta ga jakar, sai da ta saki kwanon da ke hannunta. Shi kuwa mahaucin da ya rasu yana can layi biyu gaba, a kwance, ana ta neman Baba.

Na karɓi wayar. Ga Inna lillahi a sama, ga sunan mahaucin a ƙasa daidai, a tsakiya kuma ga direban yana murmushi, da hularsa a karkace. Mai hoton yana tsaye a gabana yana tauna asuwaki. Na koma baya na buɗe shafin 'yan ƙungiya. A kan direban yake tsaye. Shi ne mutum na ƙarshe da Baba ya yi wa addu'a da safen.

Nan take na gane. Irin hoton da nake turawa da sanarwa, tsohuwar waya ba ta iya buɗe shi. Suna yana canzawa, hoto ya ƙi. Kuma tunda ban umarci gutsuren ya saki abin da ke hannunsa ba, maimakon ya bar wurin fari, sai ya ci gaba da riƙe fuskar da ya gani ta ƙarshe. Abin da gargaɗin nan ya faɗa ke nan.

Shugaba ya ce, "Injiniya, me ya faru? Ko aikin naka ne?"

Mutane sun fara taruwa. Kowa ya ciro tasa wayar yana dubawa, kowa yana ganin mahaucin daidai. Na dubi fuskokinsu, na dubi shugaba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ga ta kowa lafiya. Wayar Baba ce ta tsufa."

Wani mai fiɗa ya ce, "Ko dai ta fara ganin abin da ba mu gani. Shekara nawa tana shiga ɗakin gawa?"

Aka yi dariya. Ni ma na yi. Baba bai yi ba. Ya karɓi wayarsa ya sa a aljihu, ya ce bari ya je, an bar bawan Allah yana jira.

Na gaya wa kaina zan gyara a cikin satin. Amma gyarawa yana nufin in kira Baba in ce ya kawo wayar, in ya tambaya me za a yi mata in faɗa. Sai na yi ta ɗagawa.

Sanarwa ta biyu daga Anacha ta zo. Wani ɗan dako ne ya rasu, amma a wayar Baba sai ga fuskar wani Alhaji mai goro da ke zaune a unguwar Fegge ta can Anacha, tsohon amininsa. Na taɓa ce wa Baba ya riƙa ba wani ya karanta masa sunan, amma ranar ba kowa kusa, kuma wanda ya ga fuskar amininsa a cikin baƙin layi ba ya tsayawa neman mai karatu. Ya buga wa babban ɗan Alhajin waya ya yi masa ta'aziyya. Ɗan ya bar rumfarsa a buɗe a kasuwar Ochanja ya hau acaɓa yana kuka, ya tarar da mahaifinsa a tsugune yana alwala. Labarin ya biyo motocin goro ya iso Fatakwal kafin kwana biyu, kuma a hanya ya ƙara ƙiba. Aka ce wayar tana yin sanyi kamar ƙanƙara kafin ta nuna mutum. Aka ce ko a kashe take tana kunna kanta.

Har lokacin rabin mutane wasa suka ɗauki abin. Sai direban nan ya kwanta zazzaɓi. Kwana uku ya yi, ranar ta huɗu da safe ya cika. Mako bakwai ke nan da ranar da Baba ya je ƙofarsa da jaka.

Ina wurin. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan, ana yayyafi, sama ta yi duhu kamar za ta faɗo. Baba ya sauko daga keke napep, ya yi sallama, aka amsa ƙasa-ƙasa. Ya nemi bokiti da kansa, ya zuba ruwa, ya barbaɗa garin magarya. Zai ɗaga labule ke nan sai wan mamacin ya tare ƙofar. Bai ɗaga murya ba.

Ya ce, "Baba, yau ka huta. Mun samu wanda zai yi."

Baba ya ce, "Na taɓa yi masa alkawari ni zan yi masa."

Ya ce, "Ai ka riga ka zo masa sau ɗaya."

Baba ya tsaya da bokitin a hannu, ruwan sama yana ɗiga a ciki. Can ya juya, ya je gindin katanga ya zubar da ruwan a hankali, ya ɗauraye bokitin ya kife. Yana wucewa wani daga kan tabarma ya ce, "Baba, yau kuma wa ta nuna?"

Ya tsaya. Hannunsa ya kai kan aljihu. Na ga mutane suna sunkuyar da kai, wani har ya ja hularsa ya rufe goshi. Baba ya ce, "Ba zan faɗa ba." Ya tafi da ƙafa cikin ruwan.

Ina zaune taku uku daga inda ya tsaya. Magana ɗaya ce a bakina, kuma na san ta. Amma yanzu ga gawa a ɗaki, sai na ji tsoron kada a ce wasana da waya ne ya jawo wa mutum mutuwa. Har ma, in faɗi gaskiya, akwai wani ɓangare na zuciyata da ya fara tambaya ko da gaske ne. Ni da na san kowane layi na abin da na rubuta. Na ɗauki makara tare da jama'a, na zuba ƙasa, na dawo teburina.

Daga ranar abubuwa suka canza. Mutane suka riƙa zuwa ɗaya-ɗaya suna ce mini a asirce in cire hotonsu. A masallaci, in Baba ya shiga sahu, sai ka ga an bar ɗan fili a damansa da hagunsa har sai liman ya yi magana. In ya tsaya ya gaida mutum ya ɗan daɗe yana kallonsa, mutumin ba ya samun sukuni ranar. Wani mai shayi ya rantse mini cewa tun da Baba ya tambaye shi lafiyar iyali sau biyu yake jin ciwon ƙirji. Liman ya yi huɗuba a kan cewa babu wanda ya san gaibu sai Allah. Kowa ya gyaɗa kai, aka fito, aka ci gaba da kauce wa Baba. In an yi rasuwa wasu mutum biyu ake kira, masu kirki ne amma ba su ƙware ba. Akwai ranar da suka yanka likkafani ya gaza, sai da aka ƙara ƙyalle aka rufe ƙafafu.

Ni kuma na yi abin da na kira gyara. Na fitar da sabuwar manhaja, na rubuta a cikinta cewa ba ta hawa tsofaffin wayoyi. Minti goma ya ɗauke ni. Na gaya wa shugaba cewa zamani ya wuce su. A ganina na rufe ƙofar ke nan. Ban tsaya na yi tunanin cewa wadda ke cikin wayar Baba tana nan yadda take ba, sanarwa tana ci gaba da shiga, kuma yanzu ko gyara na tura ba zai isa gare ta ba.

Shugaba ya taɓa ce masa ya jefar da wayar a saya masa sabuwa. A gabana aka yi. Baba ya ce, "Alhaji, waya ƙarfe ce da roba. Na lura duk wanda ta nuna, wanda na yi wa addu'a ne da safen. In abin daga bakina yake fitowa, sabuwar ma za ta nuna." Ya faɗi haka yana kallon tafin hannunsa. Ina riƙe da ƙarfen narka dalma har ya ƙona mini yatsa ban ji ba.

Bayan ƙaramar salla ya tattara ya koma Inugu wurin 'yarsa da ke aure can. Bai yi sallama da kowa ba. Ɗakinsa na jikin masallaci ya daɗe a rufe, ba wanda ya yarda ya shiga, kuma in ka bi ta wurin bayan an yi ruwa, ƙanshin kafur yana fitowa ta ƙarƙashin ƙofa.

Wata biyar ban ji ɗuriyarsa ba. Rannan da azahar wani direban bas ya ajiye mini ƙunshi a tebur, ya ce daga Inugu, wani tsoho ya ce a ba Injiniya, ta daina caji, ba ya yarda kowa ya taɓa ta sai ni. Direban ya goge hannunsa a wando ya yi gaba da sauri. An naɗe ta a farin ƙyalle. Tun kafin in kwance na ji ƙanshin.

Bakin cajin ne ya lalace. Na canza, na jona. Ta daɗe baƙa ƙirin, ina ganin fuskata a cikin tsagaggen gilashin. Sannan ta yi haske, ta yi ƙarar nan ta sanarwa, don an yi rasuwa a Anacha da safen. Na danna.

Baba ne. A cikin baƙin layi, Inna lillahi a samansa, yana kallona da ɗan murmushin ranar da na ɗauke shi hoton.

Na san dalili. Na ga sunan wani a ƙasa. Amma duk da haka sai da na ajiye wayar. Hayaniyar mayanka ta yi mini nisa, kukan shanu da ƙarar injin markaɗe kamar daga wani gari. Na buɗe sanarwar da ta gabata. Baba. Wadda ta gabace ta. Baba. Na lalubo lambar 'yarsa na buga.

Ta ce, "Lafiyarsa ƙalau, ga shi can yana shan koko. Sai dai ba ya fita, ko gaisuwa ba ya son yi da mutane."

Na ce, "Yana yi wa mutane addu'a da safe har yanzu?"

Ta ce, "Malam, ya daina. Kullum in ya idar da asuba hoton kansa yake buɗewa ya zauna yana kallo har rana ta fito. Na tambaye shi, ya ce in dai dole sai an nuna wani, gara a nuna shi. Ya yanka likkafaninsa ma, yana ƙarƙashin matashi."

Ranar na rufe tebur da wuri. Na buɗe gargaɗin nan da na tsallake, na karanta shi kalma-kalma da ƙamus a gefe. Na ƙara kayan tallafin tsofaffin wayoyi, na canza irin hoton, na rubuta layin da zai sa gutsuren ya saki abin da ke hannunsa. Na aro tsofaffin wayoyi uku na gwada. Kafin la'asar ta yi sanyi na gama. Abin da ya hana dattijo sana'arsa da sahunsa bai kai aikin yini guda ba. Amma ban sa gyaran a wayar Baba ba tukuna, don ina so a gani da ido.

Ranar Juma'a bayan an sallame na miƙe a barandar masallaci na ce ina da magana. Na faɗi komai, har ranar da na ce wayar ce ta tsufa alhali na san ƙarya nake. Na ce duk mai so ya zo in buɗe fuskarsa ya gani. Ba wanda ya matso. Sai liman ya ce a buɗe tasa. Na buɗe, na koma sanarwa, ga liman a cikin baƙin layi. Ya kalla ya ce, "To, ga ni." Wasu suka yi salati, wasu suka zage ni, kuma sun yi daidai. Wan direban nan ya ce, "Duk na ji. Amma ɗan'uwana dai ya mutu." Ya sa takalmansa ya tafi. Har yau ba ya amsa gaisuwata.

Shugaba ya ce, "Ɗakinsa yana nan, aikinsa yana nan, ka gaya masa haka. Sauran maganar kuma ba mu za ka yi wa ba."

Washegari na hau bas zuwa Inugu. Na isa da rana tsaka, 'yarsa ta kai ni wani ɗan ɗaki a bayan gida. Yana zaune a kan buzu, ya rame, carbi a hannu. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, ya tambayi mutanen Fatakwal a dunƙule, bai ambaci sunan kowa ba, kuma na lura ba ya yarda ya kalli fuskata. Kansa a ƙasa yake magana.

Na ciro wayar na ce, "Baba, an gyara cajin. Amma akwai abin da nake so ka gani."

Na buɗe shafin 'yan ƙungiya na fara neman hotona. Ya gane abin da zan yi. Ban san akwai sauran ƙarfi haka a jikinsa ba. Ya cafke wuyan hannuna, yatsunsa sanyi ƙalau.

Ya ce, "Kada, ɗana. Kada ka buɗe taka. Kana da 'ya'ya ƙanana."

Nan abin da ya rage mini ya karye. Na bari ya riƙe hannun, na danna da ɗayan. Fuskata ta fito. Na koma sanarwa, ga ni a cikin baƙin layi. Na ce masa ya duba, na ce jiya ma an yi da liman a gaban jama'a, da safen nan kuma shi ya ja sallar asuba. Na yi masa bayanin gutsuren, da kwalin aljihun tela, da yadda wayar take riƙe fuskar ƙarshe in ta kasa buɗe sabuwa. Na gaya masa saƙon shugaba. Ya daɗe yana kallon gilashin. Sannan, karon farko tun shigowata, ya ɗago ya kalle ni sosai.

Ya ce, "Yaushe ka gane haka?"

Da na so, da na ce shekaranjiya. Ba wanda zai ƙaryata ni a ɗakin nan.

Na ce, "Tun ranar farko, Baba. Ranar da ka zo teburina da direba. Na gani, na ce wayarka ce ta tsufa, don kada a daina kirana Injiniya. Ina zaune aka hana ka shiga ɗakin gawa, ina kallo ka zubar da ruwanka, ban yi magana ba. Babu komai a bakinka sai alheri, addu'arka ba ta taɓa cutar da kowa ba. Ni na ɓata aikin, ni na ɓoye, kai ka sha wahalar. Ban zo in kare kaina ba. Baba, don Allah ka yafe mini."